Ramin Ƙirjin Ɗan Fari

Aliero, Jihar Kebbi,
9 ga Afrilu.

Zuwa ga Yaya Tasalla, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayarta, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da Fa'iza da sauran yara. Allah Ya kawo sauƙin kunnen nan da ya matsa miki tun bara, Ya ɗauke ciwon gwiwa, Ya bar mana ke. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi da ya sauko da wuri. An gama cirar albasa, bana ta yi kyau a fadamar Jiga Makera, an cika rudu uku na ajiya, sauran muna ta warewa a tsakar gida har hannuna ya daina jin sabulu. Yara, Zinatu da Waliyyu, suna makaranta lafiya. Ƙanenki, maigidana, yana nan da aikin ɗorinsa, rumfar waje ba ta rabuwa da masu karaya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, ni da rabona da dogon rubutu tun ajin manya na Islamiyya. Waya tana nan, amma kin san yanzu sai an ɗaga murya kafin ki ji, maganar nan kuwa ba ta ɗaga murya ba ce a gidan da majinyata ke kwance kowa kunnensa a buɗe. Shi ya sa na roƙi Bala direba, da zai taso da lodin albasa jibi, ya ba ki hannu da hannu. Fa'iza, na san ke za ki karanta mata. Ki ja ƙofa, ki matsa kusa da kunnenta na dama, kuma abin da kika ji game da matar kawunki ki bar shi a ɗakin.

Maganar ɗanki ce, Yaya. Kin san wanda nake nufi, ɗan farina, wanda kika ɗauka ranar yaye kika tafi da shi Maiyama, kika riƙe shi har ya shekara goma sha biyu, lokacin da Alhaji ya kwashe ku zuwa Kumasi kika dawo mana da shi. Kin san sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ga shi ɗan fari, ga shi kuma sunan surukina, mahaifinku, aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kaina. Ke kika ba mu labari tun yana ƙarami in jirgi ya wuce sama sai ya bar tuwo ya fita da gudu. To abin bai sake shi ba. Bara ya nemi shiga sojan sama, wai a koya masa tuƙin jirgi.

Ya ci jarrabawar, ya tafi Kaduna wajen tantancewa, ya yi gudu, ya yi duk abin da aka ce ya yi. Ya ce daga ɗaruruwa aka yi ta rage su har suka koma kaɗan, yana ciki. Sai aka zo ga likitocin soja. An duba ido, an duba kunne, an ɗebi jini, har haƙoransa an leƙa, duk lafiya. Da aka ce kowa ya tuɓe riga, likitan ya zo kansa ya tsaya. Yaya, wai akwai rami a tsakiyar ƙirjin ɗanki. Ƙashin tsakiya ya lotsa ciki. Likitan bai kore shi ba, bai kuma wuce da shi ba. Ya ba shi takarda ya ce ya je a gwada zuciyarsa da huhunsa, a ɗauki hoton ƙirjin, ya dawo ran biyu ga watan gobe tare da amsar wasu tambayoyi daga iyaye. Wai mai tuƙa jirgin soja yana hawa inda iska ke da ƙaranci, jirgin kuma yana juyi da shi da ƙarfi, dole su tabbata ramin bai danne wani abu a ciki ba. Yaron ya ce in wannan karon ya wuce shi ya wuce ke nan, shekarunsa ba za su bari ya sake nema baɗi ba.

Ranar da ya dawo ina tsakar gida ina ware albasa mai ruɓa. Ya tsaya bayana kamar yadda ya saba, don ni da shi ba mu taɓa zama fuska da fuska ba, ya gaishe ni na amsa ina kallon tabarma. Sai ya ce yana da tambaya, ko da ramin aka haife shi, ko daga baya ya zo. Na ce wane rami? Wallahi Yaya, tsakanina da Allah na tambaya. Can ya ce ai shi ya ɗauka duk gidan an sani, kara ce kawai ake yi masa. Ya ce tun da ya yi wayo yake ganin sa ɗan kaɗan, da ya fara tsawo ya ƙara zurfi. Ashe shi ya sa ba ya wanka a gulbi da samari, ashe shi ya sa ko ana zafin da kaza ke buɗe baki yana lodin buhu da riga a jikinsa, ni kuwa ina ta yabonsa a zuci wai yaron akwai kamun kai! Ya kama bakin rigar zai ɗaga ya nuna mini. Kin san abin da na yi? Na kau da kai. Ba ni na ce wa wuyana ya juya ba, shi ya juya da kansa. Ya saki rigar ya fita, ni kuma na ci gaba da aikina, ina zuba mai kyau cikin ruɓaɓɓu.

Tun ranar nake ta juya abin a raina. Ni na haife shi, na shayar da shi wata goma sha tara, yaya za a yi in ce ban sani ba? Amma da na je haihuwa gidanmu a Jega Firchin, Inna ce ke yi masa wanka, ni ina ɗaki. Da na dawo Aliero, Hajiya mahaifiyarku ta karɓa. In zan ba shi nono sai in lulluɓa mayafi in juya ga bango, in wani ya shigo in ajiye shi kamar ba nawa ba, manya suna ta cewa 'yar Jegan nan akwai kunya. Yabon nan ya yi mini daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Nakan saci kallonsa in ba kowa, amma abin da na tuna ƙaton jariri ne mai ƙiba, wuya duk ninki. Ko da rami ko babu, ba zan iya rantsuwa ba. Inna ta rasu, Hajiya ta rasu. Daga yaye har ya iya wanka da kansa, hannunki kaɗai ya san jikin nan.

Takardar da Turanci take, sai na kai wa Beatrice, wata nas da ke haya a gidan bayanmu, wadda kowa ke kira Maman Gift. Ba ki san ta ba, bayan tafiyarku ta zo garin. Ta karanta ta fassara mini. Tambaya huɗu ce. Ta farko ko da ramin aka haife shi, ta biyu yaushe aka fara lura, ta uku ko ya taɓa jin rauni a ƙirji ko an yi masa wani aiki a wurin. Ta huɗun zan zo kanta. Ta ce in kwantar da hankali, ramin kansa ba shi ke hana mutum ba, da yawa suna da shi suna aikin ƙarfi har tsufa, abin da ake dubawa shi ne ko zuciya da huhu suna da wurin sakewa. Har na fara numfasawa, sai ta ƙara da cewa amma fa sojan sama sun fi kowa tsanani, abin da za a bar wa mai tuƙa mota ba a barin sa ga mai tuƙa jirgi. To ina kwanciyar hankalin? Ta nemi amsar ta farko ta rubuta, na ce ban sani ba. Ta biyu, ban sani ba. Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce shekararta bakwai a garin nan amma kunyar nan tamu ta kasa gane ta, ita da sunan ɗiyarta ta fari ake kiranta har a kasuwa, in ba a kira ta haka ba sai ta ji kamar an rage mata wani abu. Na yi dariya na ce mu haka muka tarar. Dariyar ba ta kai ciki ba.

Shi kuwa ƙanenki, da labari ya kai masa, nasa ya fi nawa muni. Kin san shi da sana'ar gidanku. Daga Yawuri, daga Nijar, har daga Kudu ana kawo masa karaya, ya shafa da yatsa sau ɗaya ya faɗi inda ƙashi ya goce. Yau ga ɗan cikinsa, shekara tara a ƙarƙashin rufinsa da lotsattsen ƙashi, sai wani likita a Kaduna ne ya gani. Shi ma ai ɗan farinsa ne, bai taɓa ɗora masa hannu ba. Kwana biyu bai ci tuwon kirki ba. A rana ta uku ya tuno mini da abin da na manta, shekarar da yaron ya faɗo daga amalanken shanu a Maiyama yana ɗan shekara biyar, kika kawo shi nan a goye. Ya ce don kunya bai taɓa shi ba, ya bar wa ƙanen mahaifinku, marigayi Baba Kalilu, shi ya fita masallaci har aka gama. Ni ma na tuna ina madafa ina jin kukansa, ina ta hura wutar da ta riga ta kama. Abin da ƙanenki ya sani kafaɗa ce ta karye, amma ɗaurin kafaɗa zagaye ƙirji yake yi, kuma Baba Kalilu a ƙarshen rayuwarsa idonsa ya yi rauni, hannunsa kuwa bai rage ƙarfi ba. Yanzu ƙanenki ya ɗora wa kansa cewa ɗaurin gidansu ne ya danne ƙashin yaro tun yana ɗanye, kuma da ya tsaya ya yi da hannunsa da haka ba ta faru ba.

Har aikawa ya yi a kira wanzami, wai a kafa babban ƙaho a kan ramin a riƙa ja kowace safiya, ko ƙashin zai taso kafin ranar. Yaron ya ce a yi masa rai, in likitocin soja suka ga shaidar ƙaho ko tsaga a wurin, abin da ba a kore shi a kai ba sai a kore shi. Ina jin su ta katanga. Karo na farko ke nan da na ji sun yi doguwar magana su biyu, ita ma gardama ce. Wanzami ya sha fura ya koma gida.

Tambaya ta huɗu ita ce ko akwai mai irin wannan ƙirji a dangi, ko wanda ya mutu farat ɗaya yana saurayi. Da Maman Gift ta karanta ta na ce babu. Ƙarya na yi, Yaya. Kin tuna wana Rabi'u, dogon nan da ya rako ni ranar da aka kawo ni gidanku, wanda kika yi wa tsiya don sai da ya sunkuya kafin ya shiga zaurenku? Rabi'u yana da rami a ƙirji. Muna yara in ya kwanta rigingine a inuwa mukan zuba masa gyaɗa a ciki mu riƙa ɗiba, yana dariya tana zubewa. Bai taɓa ciwon kirki ba, shi ke noman gidanmu. Yana da shekara ashirin da bakwai ya faɗi a bakin rijiyar fadama da guga a hannu, kafin a kawo shi gida ya cika. Kin zo mana ta'aziyya. Aka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Ban taɓa haɗa ramin da mutuwarsa ba, balle in haɗa shi da ɗanki, tunda ban san ɗanki na da shi ba. Yanzu in na ga yaron ya sunkuya a ƙofar zaure sai gabana ya faɗi.

Makon jiya aka kai shi gwajin a Sakkwato. An ce a zo da uwa ko uba. Ƙanenki ya ce yana da mai karayar cinya da ba a bari, na san gudu ne, sai ni na tafi, Maman Gift ta raka mu. A wajen yankan kati ni ce a gaba, shi ya tsaya can baya da takardu, matar ta tambaye ni sunan mai gwajin. Na tsaya ina kallon ta. Ta sake tambaya. Na ce yaron nan ne dai, dogon. Ta ce asibitin cike yake da dogayen yara. Sai da Maman Gift ta faɗa. Matar ta rubuta tana tambayar ko ni matar uba ce. 'Yan layi suka yi dariya, wata tsohuwa ta ce a ƙyale ni, ɗan fari ne, Allah Ya yi mini albarka, irina sun ƙare. Da can irin wannan yabo kan faranta mini rai. Ran nan ji na yi kamar an mare ni.

Sun sa shi ya hura iska cikin wani bututu har idonsa ya yi ja, sun sa shi gudu a kan wata na'ura da wayoyi manne a jiki, sun shigar da shi wata kuma ta ɗauki hoton ƙirjin. Na ƙarshe shi ne na zuciya. Likitan, wani mai sanyin magana, ya ce in shigo in zauna. An kwantar da yaron a gado ba riga, ni kuma na zauna na ba shi baya, sai ya zamana fuskata tana kallon gilashin na'urar. Likitan ya nuna mini wani abu baƙi-baƙi yana buɗewa yana rufewa, ya ce wai zuciyar ɗana ke nan. Ya murɗa wani abu na ji bugunta. Yaya Tasalla, na ga zuciyar yaron nan kafin in ga ƙirjinsa. Ban san lokacin da na juya ba. Ramin yana nan, daidai inda na Rabi'u yake, ko da yake bai kai nasa zurfi ba. Akwai kuma wani ɗan tabo a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, shi ma ban san tarihinsa ba. Da ya ga ina kallo, sai shi ya kau da kai.

Likitan ya ɗauki takardar sojan yana bin tambayoyin har ya zo ta huɗu. Na riga na shirya in ce babu, kamar yadda na gaya wa Maman Gift. Amma bugun nan yana ta fita daga na'ura, sai na ga Rabi'u da guga a hannu. Na ce a raina, shi da ya faɗi ƙasa na kusa da shi, wannan da zai hau sama fa? Na faɗi labarin Rabi'u duka. Likitan ya ajiye biro ya sake ɗaukar abin gwajin, ya daɗe yana auna wata babbar jijiya da ya ce daga zuciya take fita. Ya sa yaron ya miƙe ya ware hannuwa aka auna, ya duba yatsunsa, ya tura shi wajen likitan ido.

Ga abin da ya fito, in na fahimta daidai. Huhu lafiya, har ya ce ya fi na mutane da yawa. Zuciya ta ɗan matsa gefen hagu amma tana aikinta. Jijiyar nan ba ta kumbura ba, ido ma lafiya. Zurfin ramin kuma akwai wani awo da suke yi, wai nasa ya faɗa daidai kan iyaka. Na ce to ya ci ko ya faɗi? Ya ce ba shi ke yanke hukunci ba, likitocin soja ne, shi nasa ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, har da maganar Rabi'u. Na tambaye shi batun ɗaurin Baba Kalilu. Ya ce da wuya ɗauri ya jawo irin wannan, yawanci da shi ake zuwa duniya, ya ɓuya sai yaro ya fara tsawo ya bayyana, amma ba zai rantse ba tunda bai ga yaron a lokacin ba. Ya ce in akwai wanda ya san jikinsa kafin faɗuwar, a tambaye shi a rubuta. Na fito na fi yadda na shiga ruɗewa. Kowa na ce mini lafiya lau, kuma ba wanda ya ce mini za a ɗauke shi.

Muka kamo hanyar gida a mota. Da direba ya tsaya a Tambuwal a yi sallar la'asar, Maman Gift ta tafi sayen ruwa, sai yaron ya yi magana yana kallon titi. Ya ce shekara ashirin da ɗaya bai taɓa jin na faɗi komai a kansa ba, mai daɗi ko marar daɗi, ran da ya ci jarrabawa ma ko ƙala ban ce ba, amma ranar da na fara buɗe baki a kansa sai na buɗe da abin da zai iya raba shi da abu ɗaya da ya taɓa so. Bai ɗaga murya ba, kin san tarbiyyarki. Na so in ce masa ran da ya ci jarrabawar na shiga ɗaki na yi sujada, na soya waina na raba wa maƙwabta na ce sadakar Inna ce. Na so in ce masa tsoro ne ya sa na yi magana. Abin da na iya cewa shi ne ya riƙe mini jakata in yi alwala.

To Yaya, ga roƙona. Ki zauna ki tuna a tsanake. Ran da kika fara yi masa wanka a Maiyama bayan yaye, kin ga ramin? Kafin ya faɗo daga amalanke akwai shi, ko bayan an kwance ɗauri kika fara lura? Yakan yi haki fiye da sauran yara in sun yi gudu? Ya taɓa suma? Fa'iza ta ɗauki muryarki a waya ta turo wa Maman Gift, lambarta na bayan takardar nan, kada ta wuce ƙarshen wata. Kuma don Allah kada ki gyara maganar don ki faranta wa wani. Ni kaina ban san wace amsa zan roƙi Allah ki bayar ba. In kika ce bayan ɗauri ne, to ba gadon Rabi'u ba ne, hankalina zai kwanta, amma ƙanenki ba zai ƙara ɗora ƙafar ɗan wani da sakin zuciya ba, kuma ban san yadda soja ke kallon tsohon rauni a ƙirji ba. In kika ce da shi kika karɓe shi, ƙanenki ya fita daga zargi, ya zama daga jinina ne, abin da na faɗa a Sakkwato ya ƙara nauyi. Na tambayi Maman Gift wanne ya fi masa sauƙi wajen soja, ta ce ita ma ba ta sani ba. Da safe ina addu'a a ɗauke shi, da rana in ji jirgi ya wuce sama in ce ya Allah in akwai cuta kada a ɗauke shi, sai kuma in hau istigfari, don ban san ko mugun baki na yi wa ɗanki ba.

Akwai kuma tambayoyin da ba na soja ba. Tabon nan na haƙarƙarinsa, me ya same shi? Wane abinci ne ba ya so yana ƙarami? Wa yake kira in ya tsorata? Wannan na san amsarta, amma ki faɗa mini dai. Ba laifinki nake gani ba, kin riƙe shi riƙon da ni ba zan iya ba, kuma yadda muka tarar ana yi haka muka yi. Ban ce manyanmu sun yi kuskure ba, Allah Ya jiƙan su. Kawai dai an yi mini tambaya huɗu a kan ɗan da na haifa, wadda na iya amsawa da sanina ɗaya ce, ita ce kuma ta ɓata masa rai.

Saura abu ɗaya. A ƙasan takardar akwai wurin da uwa ko uba zai rubuta cikakken sunan yaro da hannunsa, ya shaida abin da aka faɗa gaskiya ne, ya sa hannu. Ƙanenki ya ce shi ajami kaɗai ya iya, ya turo mini. Maman Gift ta ce za ta rubuta ni in dangwala yatsa, ba wanda zai sani. Jiya da hantsi ɗanki ya kawo takardar ya ajiye a bakin tabarmata da biro a kai, ya tsaya a bayana inda ya saba tsayawa. Na ce a bari sai amsarki ta zo. Ya ce to. Har ya kai ƙofa na ce ya dawo ya zauna, nan gabana, ya taya ni ware albasa. Ya zauna. Mun cika kwando biyu, kuma na dube shi sosai. Ashe hancin Inna ne da shi.

Ki gaishe mini da Alhaji, ki ce muna masa fatan alherin kasuwa. Ki gaishe da Shamsuddeen da matarsa da jaririnsu, da duk mutanen gida da ke nan zango. Zinatu da Waliyyu suna gaishe da Gwaggo, Zinatu ta ce har yanzu tana jiran zanen da kika yi mata alkawari. Ƙanenki bai san na rubuto ba, amma na san yana gaishe ki. Akwai ƙullin kuka da daddawa a hannun Bala, naki ne. Ki sa yaron a addu'a ran biyu ga wata, ke kin fi ni sanin abin da za ki roƙa masa.

Yaya, na ƙi tayin Maman Gift, da hannuna zan cika wurin nan. Sai dai ban taɓa rubuta sunan ba, ban san ko hannun zai yarda ba, kuma ba na so in fara a takardar soja in ɓata masa ita. Don haka zan gwada a nan wurinki, tunda ke kika fi kowa kiran sa. Fa'iza, in kin zo wurin ki ɗaga murya yadda za ta ji.

Wassalam, taki ƙanwa har kullum,
Murjanatu, uwar Abdulwahab.